Ranar da Tafki Ya Rufe Bakin Yaya Bernadette

Yayata Bernadette Gauvreau ta yi shekara talatin da huɗu tana tuƙa motar 'yan makaranta a ƙauyenmu, kuma a cikin shekarun nan ban ji wanda ya ce ya taɓa ganin bakinta a rufe ba. Tana tuƙi tana magana, tana cin abinci tana magana, a coci ma fada yana huɗuba ita tana yi wa ta kusa da ita sharhi. Mu bakwai ne a gidanmu, ita ce babba, ni Huguette ce auta, don haka na fi kowa shan surutun nan. Mahaifiyarmu takan ce Yaya tun tana wata tara ta fara magana, kuma har yanzu ana jiran ta kai aya.

Kada dai a ɗauka surutun banza ne. Ƙarfe shida da kwata take tayar da doguwar motarta mai ruwan ɗorawa, ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Daga madubi take gane yaron da ya fito bai karya ba, da wanda aka yi wa faɗa a gida, sai ta ja shi da hira har ya saki jiki kafin a kai ƙofar makaranta. Bayan kujerarta akwai kwali cike da huluna da safar hannu, saboda masu mantuwa. Yaran da ta fara ɗauka sun girma sun haifi nasu, su ma ta kwashe su. A bakin yara sunanta Madam Bas, mutanen gari suna ce mata Dédette, mu ƙannenta mu ce Yaya. Mutum ɗaya ne a duniya yake kiran cikakken sunanta, shi ne mijinta Rosaire.

Rosaire kuwa, in ya yi magana goma a rana ɗaya, to ranar an yi biki. Gonar itacen mapul gare shi a bayan gari, in ƙanƙara ta fara narkewa ya tatsi ruwan itatuwan ya dafa ya zama zuma. Ranar da ya zo neman aurenta ina laɓe a bayan labule. Ya cire hula ya ce, "Bernadette, ko za ki..." ta ce za ta, kuma watan Yuni ya fi, kuma ta riga ta ga gidan da za su kama. Haka aka yi auren ba tare da ya ƙarasa tambayar ba. Amma sunan nan yakan ƙarasa shi. A hankali yake faɗarsa, gaɓa uku, kowace da nauyinta, in ya tsaya a ƙofar rumfar dahuwa yana kiranta ta zo ta ɗanɗana zumar farko. Ni da nake tsokanarsa da cewa bebe Yaya ta aura, ni kaina nakan tsaya in saurara.

Wani watan Oktoba yana faskare a bayan gida ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo har yana takawa da sanda, hannu ma ya ɗan dawo, magana ce ta ƙi. Yana ji, yana ganewa, ana ba da labarin dariya ya yi dariya da rabin baki, amma abin da ke fita daga bakinsa bai wuce "Ber... Ber..." ba. Yaya kuwa kafin ya rufe leɓe ta amsa: na'am, ga ni, shayi kake so ko bargo, ko rediyon ne ya yi ƙara, ko tagar zan rufe? Sai ya ɗaga kai ga ɗaya daga ciki don a ƙyale shi. Malamar da ke koya masa magana a asibiti ta roƙe ta, ta ce in ya fara, ta ƙidaya goma a zuciya kafin ta amsa. Yaya ba ta taɓa wuce biyu ba.

Rannan na gaji na yi mata tatas a kicin. Ta zauna jagwab a kujera, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Huguette, ni fa ba huɗuba nake nema ya yi mini ba. Sunana kawai nake so in sake ji a bakinsa, ko sau ɗaya."

"To ki bar shi ya ƙarasa mana, Yaya."

"Ai ina barinsa."

Ba ta barinsa. Ta ba ni haushi, ta kuma ba ni tausayi, don na san tsoro ne ke sa ta amsa da wuri, ba ta iya kallonsa yana kokawa da harshensa.

Da ta ajiye aiki ana dab da Kirsimeti, tsofaffin yaran motarta suka haɗu suka yi mata kyautar kwana biyu a otal ɗin nan na bakin tafki, wanda ke can gindin dutse, har da wurin gasa jiki da tausa. To, a ƙofar otal ɗin nan hanyar motarta take ƙarewa. Kullum safiya a nan take kwasar 'ya'yan ma'aikata ta juya, shekara talatin da huɗu, ba ta taɓa sa ƙafa ciki ba. Amma tambaye ta launin labulen ɗakin cin abinci ta faɗa maka, duk ta ji a bakin yara. Aka sa rana a watan Maris, aka ce ni ma in zo don in taya ta kula da Rosaire. Wa zai ƙi?

Sati uku kafin tafiyar ƙauyenmu bai huta ba. Ta sayo rigar iyo mai zanen manyan furanni, ta kai ta gidan mai, ta kai ta gidan waya, har ta nuna wa matar da ke share coci. Ta shirya akwati uku don tafiyar minti arba'in. Ta gasa burodi mai nama ta naɗe a tawul, wai ta ji abincin masu kuɗi loma biyu ne a tsakiyar ƙaton faranti, ita ba za a kai mata miji a kashe shi da yunwa ba. Ranar tafiya ƙarfe shida da kwata ta buga mini waya, alhali sai uku na yamma ake ba da ɗaki.

Ita ta tuƙa, wa ya isa ya karɓi sitiyari a hannunta? A mararrabar titin jirgin ƙasa ta tsaya cak ta buɗe ƙofarta ta saurara, yadda doka ta ce direban 'yan makaranta ya yi, motocin baya suna ta hon, ko a jikinta. Muka hau tudu, dazuzzuka fari fat hagu da dama, tana ta nuna mana gidan wane da gidan wance. Muna isa ƙofar otal, tana tsakiyar labarin wani yaro da ya taɓa shigo mata da kwaɗo a aljihu, sai hannuwanta suka murza sitiyari da kansu, mota ta yi kwana tsaf ta fuskanci gida. Sai da muka yi 'yar tafiya na ce, Yaya, yau fa ciki za mu shiga. Na waiwaya baya na ga kafaɗun Rosaire suna rawa, yana dariya har da hawaye.

Muka shiga. Tabɗi! Murhun dutse ya kai tsayin mutum biyu, wuta na ci bal-bal, gilashi tun daga ƙasa har rufi, ga tafki a shimfiɗe ya daskare, ga dutsen a bayansa rana ta bugi kansa ya yi ja. Yaya ta gaishe da mai karɓar baƙi, ta gaishe da baƙin da ke zaune, ta gaya wa kowa cewa kyauta aka yi mata. A ɗaki ba durowar da ba ta buɗe ba. Ta ɗana gado, ta shinshina sabulu, ta sa farar rigar wankan nan mai kauri ta tsaya gaban madubi tana juyi, ta ce wa Rosaire ya duba da kyau, yau matar minista ya aura. Ni ma, in faɗi gaskiya, zuciyata sai tsalle take, na zura silifas ɗin otal ina ta zagaye ɗaki ba dalili.

Wurin gasa jiki yana ƙasa, bayan wata ƙofar katako. A bakin ƙofar muka tarar da wata mata doguwa, ta ba arba'in baya, riƙe da ɗan allo mai mariƙi. Yaya na ganinta ta ce, "Solange Charlebois, 'yar mai dafa abinci, kujerar ƙarshe ta hagu!" Suka rungume juna. Solange ta yi mana bayanin tsarin wurin: a shiga zafi na kwatan awa, a faɗa sanyi na ɗan lokaci, a kwanta a huta, a sake. Rosaire dai likita ya ce ruwa mai ɗumi kawai, ba surace ba ruwan sanyi. Sannan ta ɗaga allon nan, kalma ɗaya ce a jiki: SHIRU. Daga ƙofar nan zuwa bakin tafki ba a magana, wanda aka ɗaga wa allo sau uku sai ya fita.

"Madam Bas," in ji ta tana murmushi, "shekara shida kina leƙo ni ta madubi kina cewa in rufe baki. Yau ranata ce."

Yaya ta ce ai wannan ba komai ba ne, ita da ma ba mai yawan magana ba ce. Na kalli Rosaire, ya kalle ni.

Kwamayen ruwan zafi a waje suke, tururi na tashi, dusar ƙanƙara na sauka a kan mutane tana narkewa. Muka taimaka wa Rosaire ya zauna a mai ɗumin, ruwa ya kai masa ƙirji, ya lumshe ido, fuskar nan da ta daɗe a ɗaure ta saki. Ba a yi minti uku ba Yaya ta ce, "Huguette, dubi dutsen can, kamar an zuba masa sukari." A ganinta raɗa ta yi. Mace ce da ta saba magana a kan ƙarar inji da yara hamsin, raɗarta har ɗakin tausa an ji. Solange ta ɓullo daga cikin tururi ta ɗaga allo, ta nuna yatsa ɗaya.

Na biyu a ɗakin hutu aka yi shi. Mutane kwance jere cikin fararen riguna, ido a rufe, ba mai motsi. Yaya ta dube su ta ga abin bai yi mata ba, wai sai ka ce gidan makoki. Ta matsa kusa da wata baiwar Allah da ta rufe fuska da tawul, ta dafa ta, ta tambaye ta ko rasuwa aka yi mata. Matar ta zabura ta kusa faɗowa daga gado. Allo ya sake tashi, yatsu biyu. Ni kunya ta ishe ni, dariya kuma ta ciyo ni, na cusa kai a cikin matashi. Daga nan Yaya ta koma magana da hannu da gira, har ta gaji. Sanyin kuwa tsallake shi ta yi ta yi: zafi, hutu, zafi, hutu, ko kusa da bokitin ruwan sanyi ba ta je ba.

Wajen cin abincin yamma ta sauke duk abin da ta tara. Ta yi wa mai kawo abinci tarihin danginsa, ta yaba kifin, ta yarda ya fi loma biyu. Can Rosaire ya ajiye cokali ya dube ta, ga hasken kyandir a fuskarta, ta yi kyau abinta. Ya ce, "Ber..." Ta ce gishiri, ta miƙa masa. Na taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma aikin gama ya gama. Ya karɓi gishirin ya ajiye, ya juya fuska wajen taga. Raina ya ɓaci ƙwarai, kifin ma ya fita a kaina.

Washegari gari ya waye tas, rana ta fito, sanyi kuwa irin mai sa hanci ya manne. Bayan mun karya muka koma. Yaya ta sha surace har ta yi jawur, muka fito muna bin hanyar katako da ta gangara tafki, Rosaire a tsakiyarmu cikin riga biyu da hula da takalmin sanyi. A ƙarshen katakon an fasa ƙanƙara an yi rami mai faɗin tebur, ruwan ciki baƙi ƙirin, ga tsani ya sauka. Wani tsoho siriri ya tuɓe riga ya sauka har wuya, ya ɗan jima, ya fito yana goge kunne kamar ba abin da ya faru.

Rosaire ya ɗaga sanda ya nuna ramin, ya nuna Yaya, ya girgiza kai yana murmushin nan na rabin baki. Wannan karon fassararta daidai ce: cewa yake ba za ta iya ba. Ita da ba ta taɓa fashin aiki saboda ƙanƙara ba? Ta harare shi, ta kwance ɗamara, ta miƙo mini rigar. Furannin nan suka bayyana a tsakiyar farin tafki. Solange tana tsaye gefe da allonta da tawul a kafaɗa. Na tabbata yanzu za a ji ashar irin tamu, wadda ake lissafo kayan coci ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga allo na uku, mu tattara.

Ta sa ƙafa, ta cije. Ta sauka taki biyu, uku, sannan ta saki jiki gaba ɗaya har wuya.

Ba a ji komai ba. Bakinta ya buɗe, idanunta suka firfito, amma sanyi ya ɗauke mata numfashi ƙaf. Ta riƙe tsani da hannu biyu, leɓe na motsi, ko ƙis. Shekarata sittin a duniya ban taɓa ganin haka ba, Rosaire ma bai taɓa gani ba. Murmushinsa ya ɓace. Ya saki hannuna ya matsa bakin katako.

"Ber..."

Ba amsa. Ta ɗago ido tana kallonsa, haƙora na kaɗawa.

"Ber..." Jijiyar wuyansa ta tashi. Na rantse ni kaina saura kaɗan in ƙarasa masa, sai na cusa hannun rigar Yaya a baki na cije. Ya ja numfashi, ya runtse ido, ya buga sanda a katako.

"Ber... na... dette."

Da ƙarfi ya fito, muryar ta dushe don rashin aiki, amma gaɓa ukun nan ne, kowace da nauyinta, har dutsen ya maido da ita. Solange ta yi maza ta kamo hannun Yaya ta jawo ta sama, ta lulluɓe ta da tawul, ni na ɗora mata riga. Duka-duka ba ta yi rabin minti a ruwan ba.

Ina riƙe da ita na ji numfashinta ya dawo. Na san alamar, takan cika ƙirji ta ɗaga haɓa in za ta fara. Ta cika ƙirjin, ta ɗaga haɓar, na ce shi ke nan, yanzu za ta binne shi da na'am da ga ni. Sai ta rufe bakin, ta danne shi da tafin hannu. Hawaye na zuba a kan yatsunta, tana kallonsa, ta ƙi amsawa.

Rosaire ya ɗaure fuska, shi a dole ana yi masa wulaƙanci. Ya ce, "Bernadette." Wannan karon bai tsaya a hanya ba.

Daga kwamin ruwan zafi wani mai furfura ya miƙo wuya ya yi mana shiiit. Solange ta juya a hankali, ta ɗaga masa allon, ta riƙe shi a saitin fuskarsa har sai da ya nutse ya koma inda ya fito. Ita ma idonta ya yi ja. Sai a kira na uku Yaya ta sauke hannu, ta ce na'am, ƙasa-ƙasa, raɗa ta gaskiya, irin wadda ban san ta iya ba. Ta kama hannunsa mai ciwon muka hau tudu har ƙofar katako.

Tana tsallake ƙofar kuwa ta buɗe wuta. Kafin azahar mai karɓar baƙi ya ji, masu gyaran ɗaki sun ji, ta buga wa malamar asibiti, ta buga wa sauran 'yan'uwanmu biyar ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin ƙarin gishirin da ya samu. A labarin da ya iso ƙauye minti goma ta yi a ƙarƙashin ƙanƙara. Burodin naman da ta ɓoye a akwati a ɗaki muka cinye shi mu huɗu da Solange, muna zaune a kan gadon matar minista.

Yanzu shekara guda ke nan. Kalmomin Rosaire sun kai talatin, ciki har da kofi, wanda ya sa muka gane shekara ɗaya da rabi ana ɗura wa bawan Allah shayin da ba ya so. Yaya ba ta rage surutu ba, kada wani ya yi tsammani. Amma jiya na je gidan da hantsi, na tarar da shi tsaye a tsakar ɗaki da sandarsa yana kira, Bernadette, Bernadette, yana waige-waige. Na buɗe baki zan ce masa ai ga motarta a waje, sai na hango ta laɓe a bayan ƙofar kicin, hannu duk fulawa, ido a rufe. Ta buɗe ido ɗaya ta gan ni, ta ɗora yatsa a leɓe.